RA'AYINMU: Shekara 82 Kafin a Kama Ƙwaya 38

A makon jiya ne Ƙungiyar Ɗaliban Kimiyya ta shirya lacca a babban ɗakin taro, inda wani malami daga Sashen Fiziks ya yi bayani a kan yadda masana suka sami dabarar kama wani abu da Turawa ke kira antimata, har suka tsare shi cikin tarko. Da ya gama, sai wani ɗan'uwanmu ya miƙe daga can baya, ya ce shi dai tambayarsa ɗaya ce: mene ne amfanin wannan zance ga ɗalibin da bai ci abincin rana ba, bai kuwa san inda zai samo kuɗin rajista ba? Nan take ɗaki ya ɗauki tafi da sowa. Malam ya yi murmushi, ya buɗe baki zai ba da amsa ke nan sai wuta ta ɗauke, taro ya watse cikin duhu. Mu a wannan mujalla mun ga bai kamata tambaya irin wannan ta kwana ba a tanka mata ba, gama mai yinta ba jahili ba ne, yunwar da ya ambata kuwa dukkanmu mun san ta. Saboda haka muka keɓe wannan shafi domin mu faɗi abin da muka fahimta game da al'amarin, sa'an nan mu faɗi abin da muke ganin ya shafe mu a cikinsa.

Kowa ya ji a makarantar sakandare cewa duk wani abu da ke duniya, dutse ne ko ruwa ko jikin ɗan Adam, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace zarra akwai furoton mai ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa, a kewayenta kuma akwai elektaron mai alamar ɗebewa, kamar dai alamun nan biyu da muke gani a jikin batir. To, abin da masana suka gano shi ne kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi tana da abokiyar tagwaitaka, nauyinsu ɗaya sak, amma cajinsu a juye yake. In ƙwaya ta gamu da tata abokiyar, dukkansu biyu sai su shafe, nauyinsu ya rikiɗa ya zama makamashi. Da muka zauna neman sunan da za mu ba wannan abu da Hausa, ba mu sami wanda ya fi "kishiyar zarra" dacewa ba, domin kuwa kamar wasu kishiyoyi na gida, matsayinsu ɗaya amma ɗaki ɗaya ba ya ɗaukarsu.

Labarin ya faro ne daga alƙalami da takarda. A shekarar 1928 wani saurayi Baturen Ingila mai suna Paul Dirac, wanda a lokacin bai cika shekara 26 da haihuwa ba, ya tsara wani lissafi a Jami'ar Kambirij domin ya bayyana halin elektaron sa'ad da yake gudu kusa da saurin haske. Lissafin ya yi daidai da abin da aka auna, sai dai ya zo da amsa biyu, kamar yadda in an ce wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 4, amsar ta zama 2 mai alamar tarawa ko 2 mai alamar ɗebewa. Wani mutum da sai ya share amsa ta biyu ya ce shirme ce. Dirac bai share ba. Da farko ya zaci furoton ce take nufi, da wasu masana suka nuna masa haka ba zai yiwu ba sai ya karɓi gyara, a 1931 ya fito fili ya ce lalle akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba, mai nauyin elektaron amma cajinta na tarawa. Shekara guda bayan haka, a 1932, Carl Anderson yana ɗaukar hoton sawun ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya a Kalifoniya, sai ya ga wani sawu ya lanƙwasa ta ɓangaren da elektaron ba ya lanƙwasawa cikin maganaɗisu. Wannan ce ƙwayar Dirac, wadda aka raɗa wa suna fositiron.

Kishiyar furoton ta fi wuyar samu, domin ta fi elektaron nauyi kusan sau 1,836, ana kuwa bukatar makamashi mai yawa kafin a ƙera ta. Sai a 1955 Emilio Segrè da Owen Chamberlain da abokan aikinsu suka same ta a Bakale ta Amurka, da wata ƙatuwar na'ura mai harba furoton. Daga nan masana suka fara tunanin cewa tun da zarrar haidirojin, wadda ta fi kowace zarra sauƙi, furoton ɗaya ce da elektaron ɗaya, ashe in aka haɗa kishiyar furoton da fositiron za a sami cikakkiyar kishiyar haidirojin. Faɗar ta fi yin sauƙi. Sai da aka ƙara shekara 40 cur, a 1995, sa'an nan wani rukunin masana a cibiyar CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954 kusa da Jeniba a kan iyakar Suwizalan da Faransa, suka ƙera ƙwaya 9 kacal. Su ma ɗin a guje suka fito, kusa da saurin haske, suka shafe cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Ba wanda ya sami damar duban su, balle ya auna su.

Yanzu sai mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan wuyar aikin. Yaya za a ajiye abin da in ya taɓa kowane irin mazubi sai ya shafe? Kwalba da zarra aka yi ta, ƙarfe ma haka, iskar da ke cikin kwalbar ma haka. Ala tilas sai a zuƙe iska daga cikin bututu har ta kusa ƙarewa ƙaƙaf, sa'an nan a rataye abin a tsakiya ba tare da ya taɓa bango ba. Ga ƙwayoyi masu caji, irin su fositiron da kishiyar furoton, akwai dabarar da ake kira tarkon Penning, inda maganaɗisu mai ƙarfi ke hana ƙwaya fita ta gefe, wutar lantarki kuma ta toshe mata gaba da baya. Hans Dehmelt, wanda ya gyara wannan tarko, ya sami kyautar Nobel a 1989. Da irinsa ne Gerald Gabrielse da mutanensa suka fara tsare kishiyar furoton a CERN a 1986. Amma da zarar an haɗa kishiyar furoton da fositiron, cajin tarawa da na ɗebewa sun cinye juna ke nan, zarrar da ta samu ba ta jin kiran lantarki, sai ta sulale ta bugi bango. A 2002 rukunoni biyu, ATHENA da ATRAP, sun ƙera dubban irin waɗannan ƙwayoyi, dukkansu kuwa haka suka ƙare.

Abin da ya rage a kama ta da shi ɗan kaɗan ne. Zarrar haidirojin, da kishiyarta, kowace tana da ɗan halin maganaɗisu mai rauni ƙwarai, kamar allurar kamfas. Masu aikin ALPHA, ƙarƙashin jagorancin Jeffrey Hangst na Jami'ar Aarhus ta Denmak, suka naɗa wayoyi ta yadda ƙarfin maganaɗisu zai yi yawa a gefe, ya yi ƙaranci a tsakiya, watau kamar akushi wanda ba a gani da ido. Sai dai akushin ba shi da zurfi. Zarrar da zafinta ya wuce kimanin rabin digiri sama da ƙarshen sanyi, wanda yake digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa, tsallake bakinsa take yi ta tafi. Ga shi kuwa kishiyar furoton cikin tsananin gudu ake haifarta, don haka tun a shekarar 2000 CERN ta buɗe wata na'ura wadda aikinta kawai taka wa waɗannan ƙwayoyi birki. A Nuwamba 2010 mutanen ALPHA suka ba da sanarwa. Sun maimaita gwajin sau 335, sun kashe kishiyar furoton kimanin miliyan 10 da fositiron kimanin miliyan 700, abin da suka kama kuwa ƙwaya 38, kowace sun riƙe ta kusan kashi ɗaya cikin shida na sakan. Hanyar da suka tabbatar sun kama ita ce su kashe maganaɗisun farat ɗaya, zarrar ta kuɓuce ta bugi bango, na'ura ta rubuta alamar shafewarta. Daga lissafin Dirac zuwa wannan rana shekara 82 ke nan.

Da aka gane hanya sai tafiya ta miƙe. A 2011 suka tsare wasu ƙwayoyin har sakan 1,000, watau minti 16 da 'yan kai. A 2016 suka haska musu leza suka ga irin hasken da suke sha, a 2018 kuma suka auna shi har zuwa kusan kashi 2 cikin tiriliyan, suka tarar daidai yake da na haidirojin ɗin da muka sani. A 2021 suka yi amfani da leza suka ƙara sanyaya su. Wani rukuni kuma mai suna BASE ya riƙe 'yan ƙwayoyin kishiyar furoton cikin tarkon Penning har kwana 405, a 2022 suka kwatanta cajinta da nauyinta da na furoton har zuwa kashi 16 cikin tiriliyan, ba su ga bambanci ba. A 2024 mutanen BASE suka ɗora ƙaramin tarko a kan babbar mota, da furoton na gida a ciki, suka zaga da shi harabar CERN domin gwada ko za a iya ɗaukar kishiyar zuwa wani ɗakin gwaji mai nisa inda babu hayaniyar manyan injuna.

To, me suke nema da duk wannan wahala? Tambayar da ke cin ransu babba ce, ta kuwa shafi kowane mai rai. Bisa ga lissafin da aka gwada aka ga ingancinsa, duk sa'ad da makamashi ya rikiɗa ya zama ƙwaya, tare da kishiyarta ake haifarta, ɗaya da ɗaya. In haka ne, a farkon samuwar sararin samaniya, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, ya kamata a ce zarra da kishiyarta sun zo daidai wa daida, sun shafe juna, ba abin da ya saura sai haske. Amma ga rana, ga wata, ga ƙasa, ga mu. Ƙididdigar masana ta nuna cewa a cikin kowace biliyan ɗaya ta tagwayen da suka shafe, kimanin ƙwaya ɗaya ta zarra ce ta yi rara, daga wannan rarar ce aka sami dukkan taurari. A 1964 James Cronin da Val Fitch sun gano ɗan bambancin hali tsakanin wasu ƙwayoyi da kishiyoyinsu, a 1967 kuma Andrei Sakharov na Tarayyar Sobiyet ya jera sharuɗɗan da dole su cika kafin a sami irin wannan rara. Sai dai bambancin da aka gano ya yi ƙanƙanta ƙwarai, bai isa ya bayyana yawan abin da muke gani ba. Shi ya sa ake tsare kishiyar haidirojin ana aunawa, ko Allah zai sa a ga inda ta saɓa wa 'yar'uwarta.

Kafin mu komo ga tambayar ɗan'uwanmu, akwai wasu da ya kamata mu fara sallama, watau masu zuzuta abin fiye da kima. Bayan laccar mun ji wasu a ɗakunan kwana suna cewa wai Turawa sun sami sabon man da zai maye fetur, wasu kuma suna cewa bom ne ake haɗawa a ɓoye, kamar yadda aka nuna a wani fim na Amurka a 2009. Gaskiya ne giram ɗaya na kishiyar zarra in ya gamu da giram ɗaya na zarra zai saki makamashi kwatankwacin tan 43,000 na nakiya, kusan ninki uku na bom ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945. Amma giram ɗaya na haidirojin yana ƙunshe da ƙwayoyi adadin lamba 6 da sifiri 23 a bayanta, mu kuwa muna zancen ƙwaya 38 ne, ko ɗaruruwa, ko dubbai. Masanan CERN da kansu sun sha faɗa cewa duk abin da suka taɓa ƙerawa in an tara shi bai wuce ya kunna ƙwan lantarki na 'yan mintoci ba, wutar da ake ƙonawa wajen ƙera shi kuwa ta ninka abin da zai bayar nesa ba kusa ba. Ba a haƙo shi a ƙasa kamar kwal ko fetur. Wanda duk ya ce muku mai ne ko makami ne, tatsuniya yake muku.

Amfanin da ke akwai na gaskiya ta wata ƙofa ya shigo, wadda Dirac bai taɓa mafarkinta ba. A manyan asibitocin duniya akwai na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira PET. Akan yi wa majiyyaci allurar wani irin sukari da aka liƙa wa sinadarin fulorin-18, wanda yake fitar da fositiron. Ƙwayoyin cutar daji sun fi sauran jiki zarin sukari, don haka can yake taruwa. Kowane fositiron da ya fito yakan gamu da elektaron na jikin mutum, su shafe, su harba haske biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, na'ura ta bi sawunsu ta nuna wa likita daidai inda cutar take da inda ta yaɗu. Ga wani abin lura ga ƙasashe irin namu: rabin fulorin-18 yakan lalace cikin minti 110 kawai, bayan awa 11 abin da zai saura kashi ɗaya ne cikin 64. Ba kaya ba ne da za a yi odarsa daga Turai ya zo ta jirgin ruwa a ajiye a sito. Dole a sami injin da ke ƙera shi kusa da asibiti, da mutanen da suka san fiziks ɗin da za su tafiyar da injin. Al'ummar da ba ta horar da irin waɗannan mutane ba, majiyyatanta masu hali sai su hau jirgi, marasa hali kuwa sai haƙuri.

Haka labarin yake ga sauran baƙin halayen da abu ke shiga. An koya mana cewa abu ko daskararre ne, ko ruwa, ko iska, alhali kuwa lissafin bai tsaya nan ba. A 1911 Heike Kamerlingh Onnes a birnin Laidin na Holan ya sanyaya zaiba zuwa kimanin digiri 4 sama da ƙarshen sanyi, sai ya ga wutar lantarki na ratsa ta ba tare da wata tirjiya ba ko kaɗan. Shekaru da dama ba wanda ya san abin da za a yi da wannan. Yau da irin waɗannan wayoyi ake naɗa maganaɗisun tarkon ALPHA, da su kuma ake naɗa na na'urar MRI da likitoci ke duba ƙwaƙwalwa da laka. Ruwan hiliyam in ya yi sanyi ƙasa da digiri 2.17 yakan rasa kauri gaba ɗaya, har ya hau bangon mazubi ya zubo waje da kansa. Ko shafukan intanet da muke buɗewa kullum, a CERN ɗin nan ne Tim Berners-Lee ya tsara su a 1989 domin masana su riƙa musayar sakamako, a 1993 kuma cibiyar ta sake su ga duniya kyauta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka fara shi da niyyar kasuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, ilmin da zai yi magani gobe kuwa yau ake tara shi, tun ba a san cutar da zai warkar ba.

Wani zai ce duk wannan harkar masu ƙoshi ce. Tarihi bai goyi bayansa ba. A 1924 Satyendra Nath Bose malami ne a Jami'ar Daka, ƙasarsa na ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila kamar yadda tamu take a lokacin. Ya rubuta 'yar gajeruwar maƙala ya aika wa Albert Einstein, shi kuwa ya fassara ta da Jamusanci da hannunsa ya sa aka buga. Daga wannan aiki aka yi hasashen wani sabon halin abu, inda dubban zarra in sun yi sanyi matuƙa sukan zama tamkar ƙwaya ɗaya, ba a kuwa iya samar da shi ba sai a 1995 a Kolorado ta Amurka. Abdus Salam, ɗan garin Jhang a Fakistan, ya sami kyautar Nobel a 1979, aka kuma tabbatar da nazarinsa a CERN a 1983 ta hanyar gwara furoton da kishiyarta. Shi ne ya kafa cibiyar nazarin fiziks a Tiriyeste ta Italiya a 1964, musamman domin masana daga ƙasashe masu tasowa, saboda ya ɗanɗani kaɗaicin mai ilmi a inda ba abokin tattaunawa. A nan Afirka ma an fara makarantar horar da matasa kan wannan fanni a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi zama na biyu a Kumasi ta Gana a 2012. Ƙofa ba a kulle take ba.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi damunmu, wanda dominsa muka ɗauki alƙalami. A Satumba 2023 mutanen ALPHA suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Nature. Tambayar mai sauƙi ce, yaro ma zai gane ta: in aka saki kishiyar zarra, ƙasa za ta faɗo ko sama za ta tashi? Suka tsayar da tarkonsu a tsaye, suka sassauta bakinsa na sama da na ƙasa a hankali, suka ƙirga. Kusan kashi 80 cikin 100 ta ƙasa suka fita, kamar yadda haidirojin na gida zai yi. Da a ce sama suka tashi, da duniya ta girgiza, da sunayen masu gwajin sun shiga kowane littafi. Amsar da ta fito ita ce wadda kusan kowa ya zata, suka kuwa buga ta haka nan. Daɗin daɗawa, da suka auna ƙarfin faɗowar, ba su sami 1 cif ba in an kwatanta da na zarrar gida. Sun sami 0.75, suka rubuta 0.75, suka ɗora a gefensa iyakar kuskurensu iri biyu, 0.13 da 0.16, domin kowa ya gani cewa sakamakon bai saɓa wa 1 ba, kuma awon bai gama nuna ba tukuna.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan gwaji fa shi ne wanda ake ba kowane ɗan shekarar farko a ɗakin gwaje-gwajenmu, da zare da ɗan dunƙulen ƙarfe da agogo, a ce ya yi lilo da shi ya auna ƙarfin jan ƙasa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muka auna? Kowa ya san amsar 9.8 ce, saboda haka sai a fara daga amsa a komo baya, a ƙirƙiro lambobin da za su haife ta. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, littafin wanda ya wuce bara suke ara su kwafe, har da kuskuren rubutunsa. Wanda ya tsaya ya auna da gaske ya sami 9.3, sai abokai su yi masa dariya, wani lokaci ma makinsa ya gaza na mai kwafe. Mu da muke rubuta wannan shafi ba mu wanke kanmu ba. To, ina amfanin digirin kimiyya a hannun wanda aka koya wa gyara lamba tun daga ajin farko? Shi ne gobe zai auna ƙarfin simintin gada, shi zai auna maganin da ke cikin ƙwaya, shi zai sa hannu a kan cewa ruwan rijiyar burtsatse ya sha. Da Dirac ya share amsarsa ta biyu, ko Anderson ya jefar da hotonsa don sawun ya lanƙwasa ta inda littafi bai ce ba, da babu ko ɗaya daga cikin abin da muka zayyana a sama.

Ba mu ce a gina mana irin injin Jeniba ba, mun san aljihunmu. Abin da muke kira gare shi yana cikin ikonmu. Na farko, muna roƙon Majalisar Wakilan Ɗalibai ta sa maganar ɗakunan gwaje-gwaje cikin jerin bukatun da take kai wa hukumar jami'a, daidai da maganar abinci da ruwa da wurin kwana, gama ɗalibin kimiyyar da ya gama bai taɓa na'ura da hannunsa ba an cuce shi kamar yadda aka cuci wanda aka hana tuwo. A nemi a gyara kayan da suka lalace, a kuma tanadi wuta a ranakun gwaji. Na biyu, muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, su riƙa ba da maki a kan yadda ɗalibi ya auna da yadda ya bayyana kuskurensa, ko da lambarsa ta kauce wa ta littafi, domin muddin 9.8 ce kaɗai ke cin maki, to kwafe ba zai mutu ba. Na uku ya rage gare mu: kowa ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah cewa abin da idonsa ya gani a kan ma'auni shi zai rubuta. Na huɗu, Ƙungiyar Ɗaliban Kimiyya da ta Hausa su haɗa kai su zauna a kan kalmomi. Mun ce kishiyar zarra, wataƙila wani yana da wadda ta fi ta, shafukan wannan mujalla a buɗe suke gare shi. Ilmin da ba za mu iya bayyana wa iyayenmu da harshen da suka haife mu da shi ba, har yanzu aro ne a hannunmu.

Ga ɗan'uwanmu mai tambaya kuwa, amsarmu ita ce kishiyar haidirojin ba za ta saya maka abincin rana ba, yau ko gobe, wanda ya ce maka za ta saya ya yaudare ka. Kukan da ka yi a kan yunwa da kuɗin rajista muna tare da kai, za mu kuma ci gaba da buga shi a waɗannan shafuka har a saurara. Amma kada yunwar ta sa mu raina abin da ya kawo mu nan. Mutanen da suka maimaita gwaji sau 335 domin ƙwaya 38, suka kuma rubuta 0.75 alhali 1 ta fi kyan gani, sun nuna mana haƙuri da riƙon amana, waɗanda ba a sayensu da kuɗin waje. Muna fata Ƙungiyar Ɗaliban Kimiyya za ta sake gayyato Malam ya ƙarasa amsar da wuta ta katse masa, wannan karon da rana. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon faɗin gaskiya a kan abin da muka auna, amin.